Haya da Bashin Haya a Ojo: Haƙƙin Ɗan Haya da Nauyin da Ke Kansa

Laccar da aka gabatar a taron wayar da kai na Hausawa mazauna Ojo, Jihar Legas



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nufe mu da haɗuwa a nan lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa tare da 'yan majalisarka, Allah Ya ja zamani. Allah Ya gafarta malamanmu da limamanmu. Shugaban taro, shugabannin kasuwa, iyayenmu mata da kuka rufe sana'o'inku kuka zo, matasan da kuka ɗauki ɗawainiyar shirya wannan zama, da maƙwabtanmu Yarbawa 'yan ƙasa da Ibo da sauran ƙabilun da na hango a cikin taro, ina yi wa kowa barka da zuwa. Na san akwai wanda ya taso daga Alaba Rago, akwai na Okokomaiko da Ajangbadi da Iba, har da 'yan'uwan da suka sha cunkoson hanya daga Agege da Mile 12. Allah Ya ba da ladan zumunci.

An nemi in yi magana a kan biyan kuɗin haya, da yadda mutum zai yi idan bashin haya ya hau kansa, musamman a gidajen da gwamnati ta gina domin masu ƙaramin ƙarfi. Batu ne da kowa ke fama da shi a ɓoye. Magidanci zai gaya maka kasuwa ta faɗi, zai gaya maka iyali ba lafiya, amma da wuya ya buɗe baki ya ce mai gida na bin sa wata biyar. Saƙona a yau guda ɗaya ne: bashin haya yana da magani muddin an yi maganarsa da wuri, kuma an sa maganar a takarda. Wanda ya yi shiru ya ɓuya, shi ne ke rasa gida. Zan kasa bayanin kashi shida.

Na farko: Wane ne mai gidanka?

Wani zai ce, wannan ma tambaya ce? Tambaya ce babba, domin amsarta ita ce za ta nuna maka ƙofar da za ka buga ranar da abu ya ɓaci.

Kakanninmu da suka sauka kurmi da fataucin shanu da goro sun zo da tsarinsu. Baƙo ya sauka a Zango, a Agege ko a Sabon Ibadan, maigida ya ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗinsa, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ci bashinsa. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan ya nazarci wannan tsari, ya wallafa bincikensa a 1969. Babu rasit a tsarin, babu lauya. Amana ce ke riƙe da shi, da kuma sanin cewa duk wanda ya ci amana, labarinsa zai riga shi isa Kano. Da wannan tarbiyyar yawancinmu muka iso Legas. Sai dai wanda ka kama haya a gidansa a Ajangbadi bai san mahaifinka ba, bai san garinku ba, kuma kotun da za ta saurari ƙararku takarda za ta tambaya.

A yankinmu, masu gida iri uku ne. Akwai mai gida na kansa, wanda ya gina ɗakuna masu kallon juna ko ɓangarori ya zuba 'yan haya. A nan mafi yawanmu muke.

Akwai tsofaffin rukunan gidajen gwamnati. Marigayi Alhaji Lateef Jakande, wanda ya mulki Legas daga 1979 zuwa 1983, ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a wurare irin su Amuwo-Odofin da Abesan da Iponri da Isolo, da kuma Iba nan kusa da mu. A zamaninsa ne kuma aka kafa Jami'ar Jihar Legas a nan Ojo, a 1983. Gwamnatin Tarayya ta gina Festac domin bikin al'adun baƙar fata na 1977. To, a kula da kyau: yawancin waɗannan gidaje an raba su ga mutane tun tuni, sun zama mallakarsu ko ta magadansu. Idan ka kama haya a rukunin Iba a yau, galibi ɗan hayar wani mutum ne kai, ko da kuwa gwamnati ce ta aza tubalin ginin.

Na uku su ne sababbin rukunan da gwamnatin jiha ke bayarwa ta hannun hukumarta ta lamunin gidaje, irin rukunin Igando da aka buɗe a 2019 aka sa masa sunan Jakande. Zan dawo kansu.

Akwai kuma wani zama da ba ya cikin ukun nan, kuma shi ya fi haɗari: rumfa ko ɗakin kwano a filin da wanda ke karɓar kuɗinka ba shi da takardarsa. Duk muna tuna wa'adin kwana 14 da aka ba mazauna Alaba Rago a watan Mayun 2022. Mutum nawa ne a cikinsu suka yi shekaru suna biyan kuɗin wuri? Da wa'adi ya zo, wa ya iya fito da takarda ya ce ga shaidata? Saboda haka kafin ka miƙa ko sisi, ka san sunan mai gidan na ainihi, ka gan shi da idonka in da hali, ka kuma tabbatar wanda ke karɓar kuɗin yana da izininsa.

Na biyu: Daga ina bashin haya yake fitowa?

Ban yarda cewa mutanenmu maƙi biya ne ba. Bahaushe ya san nauyin bashi, ya san ko gawa ba a so a kai ta makwanci da bashi a kanta. Dalilan da nake gani uku ne.

Dalili na farko shi ne tsadar rayuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. An mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, Legas ta ɗaga nata zuwa 85,000. Amma ina mai albashi a cikinmu? Mai turin baro, da mai yankan farce, da mai gadi, da ɗan dako a kasuwar Alaba, wa ya ƙara musu? Kafin wannan ma, an haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, aka ƙara huɗu a watan Satumban 2022, matasa da yawa suka rasa hanyar abincinsu dare ɗaya. Shi ma mai gida a wannan kasuwar yake sayen siminti da shinkafa, don haka ya ƙara haya.

Dalili na biyu ya fi shafarmu. Kuɗin haya a Legas dunƙule ake nemansa, shekara guda a lokaci ɗaya, alhali samunmu tsinta-tsinta ne. Wani kullum yake samu, wani kuma da lokaci. Mai raguna kakarsa Babbar Salla ce. Mai albasa da tumatir ya san watannin da kaya ke zuba daga Arewa da watannin da kasuwa ke bushewa. Idan hayarka tana ƙarewa a watan da aljihu ya fi bushewa, ka shiga bashi tun kafin ka yi laifin komai.

Dalili na uku shi ne gida biyu da kowannenmu ke riƙe da su. Ana aika kuɗin taki da damina, ana aika na asibiti, ana aika na auren ƙanwa. Duk haƙƙi ne, ban ce a daina ba. Amma ku ba ni amsa: idan aka fitar da kai daga ɗakin da kake kwana kana nema, me za ka aika gida wata mai zuwa? Ɗakin nan na Ojo shi ne gonar da ake ci daga gare ta a Katsina da Sakkwato da Maraɗi. Kuɗinsa ya kamata a fara warewa.

Na uku: Abin da doka ta tanada

A nan zan ɗan daɗe, domin rashin sanin wannan ne ke sa a zalunce mu, shi ne kuma ke sa mu zalunci wasu. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu, tana aiki a faɗin jihar, ban da Apapa da Ikoyi da Victoria Island da unguwar GRA ta Ikeja. Ojo tana ciki, Agege tana ciki. Matasa masu alƙalami, ku rubuta.

Game da kuɗin gaba: sashe na 4 ya haramta wa mai gida ya karɓi fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Wanda ke cikin gida kuwa, idan mai biyan wata-wata ne ba a karɓar fiye da wata shida a hannunsa, idan mai biyan shekara ne ba a karɓar fiye da shekara ɗaya. Hukuncin saɓa wannan tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin wata uku. Kuma ku ji da kyau, laifin ya hau kan mai bayarwa kamar yadda ya hau kan mai karɓa.

Game da rasit: sashe na 5 ya wajabta wa mai gida ya ba da rasit a duk biya, mai ɗauke da kwanan wata, da sunan mai gida da na ɗan haya, da adireshin gidan, da adadin kuɗin, da tsawon lokacin da aka biya wa. Wanda ya ƙi bayarwa tararsa naira 100,000. Neman rasit ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne.

Game da notis: idan yarjejeniyarku ba ta faɗi wani wa'adi dabam ba, sashe na 13 ya ba mai biyan wata-wata notis na wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku ko shida-shida notis na wata uku, mai biyan shekara-shekara notis na wata shida. Bayan wannan ya ƙare, sai a ba da wata takarda ta kwana bakwai, mai sanar da kai cewa mai gida zai tafi kotu. Ina ganin wasu na gyaɗa kai da jin wata shida. Ku dakata. Idan ka sa hannu a yarjejeniya mai ƙayyadadden wa'adi, wadda ta ce daga rana kaza zuwa rana kaza, to da cikar wa'adin ba ka da wata shida, takardar kwana bakwai kaɗai ta rage. Shi ya sa bai kamata ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ita da harshen da kake ji ba.

Game da bashi: wannan sashen dai ya ce mai biyan wata-wata da aka bi shi wata shida, hayarsa ta faɗi. Mai biyan wata uku-uku ko shida-shida da aka bi shi hayar shekara ɗaya, shi ma tasa ta faɗi. Da zarar mai gida ya tabbatar wa kotu da bashin, kotu za ta ba shi gidansa, ta kuma umarce ka ka biya abin da ake bin ka. Fita daga gida ba ta goge bashi. Ko kwanakin da ka ƙara a ciki bayan ƙarewar haya, ana lissafa maka su.

Game da ƙarin haya: sashe na 37 ya ba ɗan haya damar kai ƙara idan ƙarin ya wuce hankali. Kotu za ta dubi abin da ake biya a irin wannan gida a unguwar, kuma ba a fitar da mutum yayin da wannan ƙarar ke gabanta.

Game da fitarwa da ƙarfi: sashe na 44 ya mai da shi laifi. Mai gidan da ya kware rufi don ya kore ka, ko ya turo 'yan daba, ko ya yi maka barazana, yana fuskantar tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin da zai iya kai wata shida. Doka ta kuma hana shi ƙwace kayanka. Ko shekara nawa yake bin ka, kotu ce kaɗai ke fitar da mutum, ta hannun ma'aikatanta.

Na san abin da ke ran wasu: Malam, doka a takarda take, a unguwa kuwa mai ƙarfi ne ke da gaskiya. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan. Masu gida da yawa na neman shekara biyu, kuma mutane na biya saboda gida ya yi ƙaranci. Amma wanda ya san dokar yana magana da wata irin murya, kuma mai gidan da ya fahimci ka san ta yakan sake lissafi kafin ya taɓa ƙofarka. A 2025 an gabatar da sabon ƙudurin dokar haya a Majalisar Dokokin Jiha, don haka ina roƙon shugabanninmu su riƙa bibiyar duk wani sauyi suna sanar da jama'a a masallatai.

Na huɗu: Idan bashi ya riga ya hau

Matakin farko, ka riga mai gida magana. Ranar da ka hango ba za ka iya cikawa ba, ko da saura wata biyu, ka same shi. Kada ka kashe waya. Kada ka riƙa fita kafin asuba kana dawowa bayan kowa ya kwanta. Mai gidan da ke bin ka bashi yana iya haƙuri da rashin kuɗi, abin da ke tunzura shi shi ne ya ga ana wasan ɓuya da shi. Tun ran gini ran zane.

Mataki na biyu, ka je da lissafi. Kada ka je da "in Allah Ya yarda zan kawo" kawai. Faɗin in Allah Ya yarda wajibi ne, amma ka haɗa shi da adadi da rana. Ga misali: a ce hayarka naira 360,000 ce a shekara. Wannan naira 30,000 ke nan a wata, kimanin naira 1,000 a rana. A ce ana bin ka wata uku, wato naira 90,000. Ka ce masa: ga 30,000 yanzu, sauran 60,000 zan riƙa ɗora 10,000 a kan hayar kowane wata har wata shida. Ka yi alkawarin abin da za ka iya. Ƙaramin alkawarin da aka cika yana sayo maka haƙuri, babban da aka saɓa kuwa yana rufe ƙofar sulhu.

Mataki na uku, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Me ya sa mu, da muka haddace ta tun muna makarantar allo, muka fi kowa jin nauyin cewa a kawo takarda? A rubuta adadin bashi, da yadda za a biya, kowa ya sa hannu, da shaida daga ɓangarenka da nasa, kowa ya riƙe kwafi, ka kuma ɗauki hotonta a waya.

Mataki na huɗu, ka biya ta hanyar da ke barin sawu. Ka tura daga asusunka zuwa asusun mai gida, ka rubuta cewa hayar wata kaza ce. Idan ta hannun mai POS ka tura, ka sani sunansa ne zai fito a can, ba naka ba, saboda haka ka karɓi takardar, ka kuma nemi rasit. Kada ka ba ɗan mai gida ko mai kula da gida kuɗi a hannu ba tare da rasit ba, komai kirkinsa. Mutane na mutuwa, magada na saɓawa, gida na sauya hannu.

Mataki na biyar, kada ka ci bashi mai ruwa don ka biya haya. Manhajojin bashi na waya sun jefa mutane da yawa cikin kunya, suna aika saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke wayar mutum. Ga haramcin riba, ga tozarci. Gara ka sayar da abin da za ka iya rayuwa ba shi, ko ka koma ɗaki mai rahusa da mutuncinka.

Mataki na shida, idan magana ta ƙi, a nemi sulhu. A fara da Sarki da liman da shugabannin unguwa. Idan ba a daidaita ba, Ma'aikatar Shari'a ta jiha tana da cibiyar sulhun jama'a da ake kira Citizens' Mediation Centre, wadda aka kafa a 1999. Kyauta take aiki, tana da rassa a sassan jihar, kuma rigimar mai gida da ɗan haya na cikin manyan abubuwan da take saurara. Akwai kuma Ofishin Lauyan Jama'a da aka kafa a 2000 domin marasa ƙarfin ɗaukar lauya. Idan kuwa sammaci ya zo daga kotun majistare, ka je. Ka je da rasit ɗinka, ka nemi tafinta idan ba ka jin Turanci, ka roƙi lokaci ko biya kashi-kashi. Wanda ya ƙi zuwa, a bayan idonsa ake yanke hukunci.

Wata kalma ga matasan da ke haɗuwa su biyar ko su takwas a ɗaki ɗaya da sunan mutum guda. Doka ta hana ɗan haya ya sa wani a haya ba da yardar mai gida ba. Ku sanar da shi yawanku tun farko. Shi kuma wanda sunansa ke kan takarda ya sani cewa shi kaɗai za a bi idan sauran suka koma gida da damina. Ku tara kuɗin kafin kowa ya kama hanya.

Na biyar: Gidan gwamnati amana ne

A 2014 gwamnatin Fashola ta fito da shirin LagosHOMS, inda mai nema ke ajiye kashi 30 cikin ɗari na kuɗin gida ya biya saura cikin shekara goma. Wannan ya fi ƙarfin mutane da yawa. A Disambar 2016 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta ƙaddamar da tsarin haya har mallaka: ka ajiye kashi 5 cikin ɗari, ka shiga gida, ka riƙa biya wata-wata har shekara goma, sannan gida ya zama naka. Daga cikin sharuɗɗansa akwai zama mazaunin Legas mai katin shaidar zama a jiha na hukumar LASRRA, da shaidar biyan haraji, da kasancewa gidanka na farko ne, da kuma kada biyan wata ya wuce kashi 33 cikin ɗari na abin da kake samu. Akwai ruwan kashi 6 cikin ɗari a tsarin, don haka duk mai niyya ya zauna da malaminsa kafin ya sa hannu.

Ku dubi sharuɗɗan nan. Ba a ce sai ɗan ƙabila kaza ba, mazauni aka ce. Mutum nawa ne a wannan taro suka haura shekara ashirin a Ojo, suka haifi 'ya'ya a nan, amma ba su da katin shaidar zama a jiha? Ɗan kasuwa nawa ne ke juya miliyoyi amma ba shi da takardar haraji ko bayanan banki da za su nuna samunsa? Wani lokaci ana rufe mana ƙofa, wannan gaskiya ne. Wani lokaci kuma mu ne ba mu zo da mabuɗi ba.

Ga wanda Allah Ya ba irin wannan gida, ina da gargaɗi. A cire tunanin nan na cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne. Gidan bai zama naka ba sai ka gama biya. Idan ka tara bashi, abin da ka zuba na shekaru ne ka jefa cikin haɗari. Kuɗin da ka riƙe kuma shi ne za a gina wa wani talaka da shi. Ka karanta sharaɗin jinkirin biya tun ranar farko. Idan samu ya tsaya, ka rubuta wa hukumar wasiƙa, ka kai da kanka, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ka biya ta asusun da hukuma ta bayar kaɗai, ka guji duk wanda ya ce kawo in shigar maka. Kada ka manta da kuɗin hidimar rukuni, na gadi da shara da ruwa, domin shi ma bashi ne mai taruwa.

Ga gwamnati kuma ina da roƙo. A Ingila, hukumar da ke ba da gidajen marasa ƙarfi wajibi ne ta tuntuɓi ɗan haya da wuri, ta nemi su daidaita a kan biyan da zai iya, kafin ta kai shi kotu. Muna son irin wannan a rubuce a Legas. Gwamnatin jiha ta sha bayyana niyyar sauƙaƙa biyan haya wata-wata, muna fatan ganin hakan a ƙasa. Muna kuma roƙon a riƙa gina ɗakunan haya na gaske masu rahusa, domin mai turin baro ba zai iya ajiye ko kashi 5 na gidan miliyoyi ba. Layin dogon da ya fara aiki daga Marina zuwa Mile 2 a 2023 ana shirin kawo shi Okokomaiko. Alheri ne, amma inda jirgi ya iso haya takan tashi. A tuna da talakan da ya riga jirgin zama a nan.

Na shida: Nauyin da ke kan al'umma

Mutum ɗaya ba ya iya wannan yaƙi. Ina ba da shawarwari huɗu.

A kafa adashin haya. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan hikima. Mutum goma sha biyu, kowa ya ɗauki kwasarsa a watan da hayarsa ke ƙarewa, a tura kuɗin kai tsaye ga mai gida. Masu sana'ar lokaci kuma su nemi mai gida ya daidaita ranar biya da kakarsu. Mai raguna ya biya bayan Babbar Salla, tun kuɗin na hannu.

A buɗe asusun agaji a masallatanmu. Waɗanda bashi ya danne suna cikin rukuni takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata a masu cin zakka. Attajiranmu na aika zakkarsu Arewa, Allah Ya karɓa. Amma ga gwauruwa da marayu a bayan shagonka ana shirin fitar da su. A ware musu kaso, a kuma yi shi cikin sirri.

A naɗa kwamitin haya a fadar Sarki, mai ɗauke da dattijo da malami da mace da matashi mai ilimin boko, wanda zai riƙa karanta wa mutane yarjejeniya kafin su sa hannu, ya raka su wurin sulhu, ya kuma bincika ko dillalin gida yana da rajista da hukumar LASRERA mai sa ido a kan harkar gidaje. Muna da 'ya'ya a jami'ar da ke nan ƙofarmu. Su zo su yi wa iyayensu wannan hidima.

Sai masu gida daga cikinmu, domin na san akwai su a nan. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Kai kuma ɗan haya, hadisi ingantacce ya kira jinkirin mai hali zalunci. Wani mai gidan tsoho ne da ya yi ritaya, wata kuma gwauruwa ce da hayar nan ce abincinta. Wanda ya sayi sabuwar waya alhali ana bin sa haya, ya ci haƙƙi, ya kuma ɓata sunan Bahaushen da zai zo neman ɗaki bayansa. Sau nawa aka ce wa ɗan'uwanmu babu ɗaki saboda abin da wani ya aikata?

Kammalawa

Jama'a, ga abin da nake so kowa ya yi a wannan mako. Ka nemo yarjejeniyarka da rasit ɗinka ka adana su wuri ɗaya. Ka duba ranar da hayarka ke ƙarewa, ka raba kuɗin da kwanakin da suka rage, ka fara warewa. Idan ana bin ka, ka je wurin mai gida kafin Juma'a mai zuwa, da lissafinka da shaidarka. Idan ba ka da katin shaidar zama a jiha, ka je ka yi.

 Allah Ya rufa mana asiri, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Shugaban taro, na miƙa maka. Ƙofar tambaya a buɗe take, kuma ina roƙon a fara ba iyayenmu mata dama. Wanda tambayarsa ta shafi sirrinsa, ya rubuta a takarda ba tare da suna ba a miƙo, za a amsa ta a gaban kowa domin wasu ma su amfana.